Cikon hanya a fadama: daga gaɓar teku zuwa ƙasar Damagaram

A cikin wannan ƴar maƙala za mu dubi matsala guda: yaya ake ɗora hanya bisa ƙasa mai taɓo ba tare da ta nutse ba?

Mutanen gaɓar teku sun sami amsa a ɓawon katantanwar ruwa. Ɓawon bai kai tsakuwa nauyi ba, yana sarƙewa da juna idan aka daɓe shi, ruwa kuma yana ratsa shi. Saboda haka cikon yakan zauna bisa taɓo kamar tabarma. A jihar Luwiziyana ta Amurka an yi ta yaso shi daga tafkin Pontchartrain tun shekarun 1930, har aka hana a 1990 domin ɓarnar da yake wa tafkin. A Nuwakshot ma, inda dutse ya yi ƙaranci, da shi aka yi tituna da gine-gine.

A Damagaram kuwa, ɓawon teku da aka sani shi ne wuri, wanda kuɗi ne, ba abin zubawa a hanya ba. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari ba ya bukatar ciko: raƙumi da jaki sukan kewaye fadama, fatake kuma sukan jira rani. Mota ce ta kawo bukatar. Bayan Faransawa sun kama Zindar a 1899, suka mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sai ya zama dole hanyar kudu, ta wajen Magariya da Kano, ta ratsa kwarin Korama. Abin cikon shi ne marmara, dutse da rairayi. Waɗannan suna da nauyi, taɓo yana haɗiye su, ruwan damina yana zaizaye su, don haka kusan kowace shekara sai an sake gyara.

A nan ne tarihin fasaha ya haɗu da na talakawa. Su ne suka ɗauki cikon a ka, ƙarƙashin aikin tilas da ake rabawa ta hannun sarakuna, har dokar Houphouët-Boigny ta soke shi a 1946. Muna ganin ya kamata ɗalibanmu su tattara kalmomin wannan aiki da labaransa daga bakin tsofaffin ƙauyukan Korama, tun kafin su ɓace.