Wa ke da ikon ba da izinin buɗe asibiti a Nijeriya? Misali daga Bahuli, Mubi

Mallakar fili da kuɗin gini ba su isa su ba mutum damar buɗe asibiti a Nijeriya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Oktoba na 2014, ta tanadi a sashe na 13 cewa babu mutum, ƙungiya ko gwamnatin da za ta kafa cibiyar lafiya, ta gina ta, ta sauya fasalinta ko ta saye ta, sai da takardar shaidar cika ƙa'ida. Ƙara yawan gadaje ma yana cikin wannan hukunci. Wanda ya saɓa zai biya tarar da ba ta gaza naira 500,000 ba, ko a ɗaure shi har zuwa shekara biyu, ko a haɗa masa duka.

Sai dai dokar ba ta tara ikon a hannu ɗaya ba. Mazaɓar Bahuli, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, ta isa misali. Cibiyar lafiya ta gwamnati a irin wannan mazaɓa tana ƙarƙashin Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko ta jihar. Mai son buɗe asibitin kuɗi ko gidan haihuwa kuwa, Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ke Yola zai nufa, a duba ginin da ruwa da kayan aiki da takardun ma'aikata kafin a yi masa rajista. Manyan asibitocin tarayya suna da kwamitinsu na musamman da dokar ta kafa a Abuja.

Rajistar gini ba ta ɗauke wa ma'aikata tasu ba. Likita sai da lasisin majalisar likitoci ta MDCN, ɗakin gwaje-gwaje sai da amincewar MLSCN, na'urar ɗaukar hoton ƙashi kuma sai da izinin NNRA, hukumar da ke kula da makamashin nukiliya. Shagon magani na hannun PCN ne, kuma lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura, ƙarin ruwa ko kwantar da majiyyaci ba. A karkara nan ne aka fi ƙetare iyaka, domin sau da yawa kemis shi ne mafi kusa da gida.

Jihohi ba su yi tafiya ɗaya ba. Legas ta kafa hukumar HEFAMAA a 2006, Kano kuma tana da PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, wadda ta sha rufe waɗanda ba su da rajista.

A Amurka tambayar daban ce. Tun 1964 Jihar New York ta fara tilasta wa mai son gina asibiti ya nuna cewa yankin na buƙatarsa, don kada gadaje su yi yawa, tsada ta ƙaru. Takardar Nijeriya inganci take aunawa, kuma hakan ya fi dacewa da yankin da matsalarsa ƙaranci ce. A ƙarshen watan da aka sanya wa dokar hannu Boko Haram ta mamaye Mubi, ma'aikatan lafiya suka tsere tare da sauran jama'a, sai a Nuwamba sojoji suka ƙwato garin.

Cika ƙa'ida kuma yana cin kuɗi. Sashe na 11 ya kafa asusun lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, inda aka ware kashi 15 cikin ɗari na asusun don gine-gine, kayan aiki da sufuri.