Tarihin Saƙar Safa da Hannu

Saƙar safa da hannu ita ce fitar da safa daga dogon zare guda, ana zarga shi ido cikin ido a kan tsinkaye huɗu ko biyar, ana kewayawa har ta tashi ba tare da ɗinki ba. A yau yawancin masu yin ta sha'awa ce ke sa su. Littattafai da dama suna kai asalinta zamanin Rumawa, amma wannan maƙala ba ta bi su ba.

Safunan da suke kafa hujja da su na nan. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan yana ajiye da wasu jajaye guda biyu na ulu, waɗanda aka tono a Bahnasa ta ƙasar Masar, aka ƙiyasta shekarunsu tsakanin 250 da 420 miladiyya. An raba bakin kowace gida biyu don igiyar takalmi ta sami wurin shiga. Sai dai ba da tsinke aka yi su ba. Da allura guda aka yi, ana zura guntun zare ɗungurungum ta cikin kowane ido, in ya ƙare a haɗa wani. A gani kamar saƙa ɗaya ce, shi ya sa masana suka daɗe cikin ruɗu, har suka sa ƙyallen da aka samu a Dura-Europos ta Siriya cikin lissafi. Dorothy Burnham ce ta warware wannan a 1972. Gwajin mai sauƙi ne: ja bakin zaren saƙar tsinke, sai ta kwance gaba ɗaya, ta allura ba ta kwancewa.

Saƙar tsinke ta haƙiƙa ta fara bayyana ne a Masar ta zamanin Musulunci, tsakanin 1000 da 1400, kuma mafi yawan abin da ya rage daga cikinta safa ne da guntayensu. An tsinci da yawa a jujin Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. Na auduga ne, fari da shuɗin baba, irin launin da har gobe ake fitarwa a marinar Ƙofar Mata a Kano. An ƙawata su da layuka da zane, wasu da rubutun Kufi yana zagaye ƙauri. Daga yatsu ake fara su a hau sama. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne ƙwarewar aikin: sarrafa zare biyu masu launi daban a layi guda, da yi wa diddige mazauni, ba aikin ɗan koyo ba ne. Sana'ar ta riga ta nuna kafin a saƙa waɗannan.

Daga nan sawun ya bi ta Andalus. A kabarin Yarima Fernando de la Cerda, wanda ya rasu a 1275 aka binne shi a Las Huelgas kusa da Burgos, an sami rigar matashin kai ta siliki, saƙar tsinke, mai ido kusan 20 a inci guda, kuma masana sun jingina aikin ga masaƙa Musulmi. Richard Rutt, limamin cocin Ingila da ya wallafa tarihin saƙar hannu a 1987, ya tsaya kan irin waɗannan shaidu da ake iya taɓawa, ya yi watsi da tatsuniyoyi. A kan ma'auninsa aka ɗora shekarun da ke nan.

A Turai abin ya yaɗu da sauri. Wajen 1400 mai zane Bertram ya zana Maryam uwar Isa tana saƙa riga da tsinkaye huɗu. Eleonora ta Toledo, da aka binne a Fulorans a 1562, an sa mata safar jan siliki. Labarin cewa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sami safar siliki a 1560 ta daina sa ta yadi, an rubuta shi ne shekaru da yawa bayan haka, don haka a riƙe shi da sassauci. Wanda ya tabbata shi ne injin saƙar safa da William Lee ya ƙera a Calverton a 1589. Injin bai kashe hannu nan take ba. Fiye da shekara 200 bayansa, mutanen Dent a Yorkshire da na Wales da tsibiran Shetland, maza da mata da yara, suna saƙa suna tafe, sun soke gindin tsinke ɗaya a kube a ɗamara don hannu ya ƙara sauri. Wannan neman abinci ne, kuma lada kaɗan ce. Duk mai kiran sa nishaɗi bai yi wa waɗannan talakawa adalci ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da tsinke hannun waɗanda ba sa bukatar kuɗinsa. Sojoji a ramuka ƙafafunsu na ruɓewa saboda danshi, sai ƙungiyoyi irin su Red Cross suka raba zare da takardun koyarwa. Daga Ostareliya kaɗai an aika fiye da safa miliyan ɗaya. Hanyar rufe bakin yatsu ba tare da ƙulli ba tana ɗauke da sunan Kitchener, hafsan sojan Birtaniya da ya ci Omdurman a 1898, amma cewa shi ya ƙirƙiro ta magana ce da babu takardar da ta tsaya mata.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu safar kanti ta yi arha, saƙarta ta koma sha'awa zalla. Cakuɗa ulu kashi 75 da nailan kashi 25 ya rage saurin hujewar diddige. Littafin Nancy Bush na 1994 ya farfaɗo da salon safunan gargajiya, daga 2001 Cat Bordhi ta yaɗa saƙa a kan tsinkaye masu igiya, sannan shafin Ravelry, da aka buɗe a 2007, ya tara samfura dubbai wuri guda.

A ƙasar Hausa an fi saƙa safa don jarirai, tare da hula da rigar sanyi, musamman gabanin hunturu.