Daga Kwalin Sigari Zuwa Gwanjon Miliyoyin Daloli

A watan Agustan 2022 aka yi gwanjon wani ɗan kati mai hoton Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na ƙungiyar New York Yankees, a kan dala miliyan 12.6. Kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952, ya cusa shi cikin ƙunshin cingam na yara. Kafin masu cingam kuwa, masu taba ne suka fara wannan harka.

Tun wajen 1886 kamfanonin taba na Amurka, irin su Goodwin mai sigarin Old Judge da Allen & Ginter, suke saka ɗan kati a kwalin sigari don kada karan ya lanƙwashe. Sai suka ga ai wurin talla ne, suka riƙa buga hoton 'yan wasa a kai. Daga 1909 zuwa 1911 American Tobacco ya fitar da jerin kati 524, ciki har da na Honus Wagner na Pittsburgh, wanda aka dakatar da bugawa tun ba a je ko'ina ba. Wasu sun ce Wagner ne ya ƙi a tallata wa yara taba da fuskarsa, wasu sun ce kuɗi ne ba a daidaita ba. 'Yan gomiya ne suka rage a duniya, ɗaya ya kai dala miliyan 7.25.

Sunan T206 da ake kiran wannan jeri da shi aikin Jefferson Burdick ne, wani ma'aikacin masana'antar kayan lantarki daga Syracuse. Shi ya rarraba katunan, ya ba kowane jeri lamba a kundinsa na 1939, sannan ya kyautar da abin da ya tara, kimanin 300,000, ga gidan adana kayan tarihi na Metropolitan. A ganina ba a ba mutumin nan girman da ya cancanta, don da ma'auninsa kasuwar take awo har yau.

Kamfanin Goudey na Boston ya shigo da cingam a 1933, da wayonsa: jerin kati 240 ne, amma bai buga mai lamba 106 ba. Yara suka yi ta saye suna neman abin da babu, sai waɗanda suka aika wasiƙar koke aka tura musu a 1934.

Babbar karawa ita ce ta kamfanonin Bowman da Topps. Bowman ya riga, tun 1948, kuma shi ya fara buga Mantle a 1951. Hotunan Bowman masu launi na 1953 sun fi na Topps kyau, ko masoyan Topps ba sa musu sosai. Amma Sy Berger, wanda ya tsara katin Topps na 1952 a teburin kicin ɗinsa, ya san abin da yaro ke so: kati babba, tambarin ƙungiya, sa hannun ɗan wasa, da lissafin bajintarsa a baya. Rukunin ƙarshe na katunan 407 ya fito a makare, ya yi kwantai, kuma Berger da bakinsa ya ce daga baya teku aka kai ragowar aka zubar. Mantle yana cikinsu, lamba 311. Waɗanda suka isa hannun yara ma, wasu an maƙala su a wayar keke don ƙara, wasu iyaye mata sun share su da shara.

Topps ya saye Bowman a 1956, ya yi kane-kane a kasuwa har kotu ta buɗe wa kamfanonin Fleer da Donruss ƙofa, suka shigo a 1981. Upper Deck ya zo a 1989 da takarda mai sheƙi da alamar hana jabu. Zuwa lokacin kowa ya ji labarin kuɗi, kowa yana adana nasa cikin leda, kamfanoni kuma suna bugawa ba ƙaƙƙautawa. Yawancin katunan waɗannan shekaru yanzu kwali-kwali ake sayar da su a araha.