RAM da suwaf: abin da «4+4» ke nufi a kan kwalin waya

A kasuwannin Madawa, Buza da Keita, har zuwa Deule, wayoyin da aka fi gani su ne Tecno, Infinix da Itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. A kan kwalin wasu ana rubuta «8GB (4+4)». Jiga 4 na farko ne kaɗai RAM na gaskiya, wanda Faransawa ke kira mémoire vive. Sauran 4 ɗin aro ne daga ma'ajiyar hotuna da bidiyo, kuma masana na kiran wannan wuri suwaf.

RAM kamar teburin ɗan kasuwa ne, ma'ajiya kuwa ita ce magaza. Idan tebur ya cika, sai a kwashe kayan da ba a nema yanzu a kai magaza, in an buƙace su a sake ɗaukowa. Dabarar tsohuwa ce: kwamfutar Atlas ta jami'ar Manchester a Ingila ta yi aiki da ita tun 1962. Sai dai ma'ajiyar waya ba ta kusa da RAM a sauri, kuma yawan rubutu a kanta yana tsufar da ita sannu a hankali.

Android an gina shi ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Linux na da wata ɗabi'a: yana yi wa manhajoji alƙawarin wuri fiye da wanda ke akwai, domin galibinsu ba sa amfani da duk abin da suka nema. Yawanci lissafin na tafiya daidai. Ranar da kowa ya zo karɓar rabonsa a lokaci guda, dole a sadaukar da wani, sai tsarin ya rufe manhajar da ke jira a baya. Shi ya sa mutum kan bar WhatsApp ya leƙa Facebook, ya dawo ya tarar ya soma daga farko. Ba lalacewa wayar ta yi ba.

Akwai kuma zram, inda ake matse bayanan a cikin RAM ɗin kansa maimakon kai su ma'ajiya. Android na amfani da shi tun fitowar KitKat a 2013, kuma ya fi sauri.

Ƙarin da ke kan kwali yana taimakawa wajen riƙe manhajoji da yawa a buɗe, amma ba ya ƙara wa waya sauri. Waya mai jiga 6 na gaskiya ta fi mai «4+4», ko da lambar ta biyu ta fi cika ido. A cikin saitin wayar ana iya ganin adadin na ainihi kafin a biya kuɗi.