Hergé, mai zanen da ya zana Kwango bai taɓa taka ta ba

Duk wanda ya yi karatun boko da Faransanci a Kamaru ko Cadi ko Nijar, da wuya a ce bai taɓa cin karo da Tintin ba, ɗan jaridan nan mai tukku da ke yawon duniya da farin karensa Milou. Wanda ya ƙago shi, Georges Remi, an haife shi a Brussels, babban birnin Beljiyam, ran 22 ga Mayu 1907. Haruffan farko na sunansa ya juya, R da G, waɗanda a lafazin Faransanci suka ba da Hergé. Shi ke tsara labarin, shi ke zana shi.

Ya fara aiki a wata jaridar Katolika, Le Vingtième Siècle, ƙarƙashin wani fada mai ra'ayin riƙau, Norbert Wallez. A shafukan yara na wannan jarida Tintin ya fara fitowa ran 10 ga Janairu 1929. Maigidan ne ke zaɓen inda yaron zai je: da farko Tarayyar Sobiyet, sannan Kwango a 1930, lokacin tana hannun Beljiyam. Hergé bai je Kwango ba. Abin da yake da shi hotunan jaridu ne, da labaran 'yan mishan, da abin da Turawan gari ke faɗa. Don haka baƙaƙen fatar da ya zana suka fito da manyan leɓɓa, malalata, masu hankalin yara, suna rusuna wa ɗan saurayin Bature. A 1946 ya sake zana littafin da launi, ya cire darasin da Tintin ke koya wa 'yan makaranta cewa Beljiyam ce ƙasarsu, ya sa lissafi a gurbinsa. Fuskokin kuwa ya bar su kusan yadda suke.

Abin lura shi ne abin da ya faru a 1934. Da aka ji zai kai Tintin ƙasar Sin, wani fada mai kula da ɗaliban Sin a jami'ar Louvain ya rubuto masa cewa ya yi hattara, kada ya ɓata wa ɗalibansa rai. Aka haɗa shi da Zhang Chongren, wani ɗalibin zane da sassaƙa, sa'ansa. Zhang ya zauna da shi, ya koya masa tarihin ƙasarsa da riƙon burushi irin nasu, ya rubuta masa rubutun Sinanci na gaskiya a jikin bangaye da allunan shaguna. Littafin da ya fito, Le Lotus bleu, ya nuna mutanen Sin da mutuncinsu, ya kuma tona asirin mamayar Japan har jami'an diflomasiyyarta suka kai kuka. Hannu ɗaya ne ya zana littattafan biyu, tsakaninsu shekaru kaɗan. Sin ta sami wanda ya zauna kusa da mai zane ya ce masa ba haka muke ba. Kwango ba ta samu ba.

Lokacin da Jamus ta mamaye Beljiyam ya ci gaba da aiki a jaridar Le Soir, wadda ke hannun 'yan mamaya, har ya zana Yahudawa da siffar ƙasƙanci. Bayan 'yanci a 1944 an kama shi, an hana shi aikin jarida, sai a 1946 Raymond Leblanc, tsohon ɗan gwagwarmaya, ya buɗe mujallar Tintin ya dawo da shi.

Littafin da ya fi kusa da mu shi ne Coke en stock na 1958. Labarin Musulmin Afirka ne masu niyyar Makka, waɗanda 'yan fasa-ƙwauri ke lodawa a jirgin ruwa a Bahar Maliya don sayarwa bayi. Wanda kakanninsa suka bi hanyar gabas a ƙafa, ta Cadi da Sudan, ya san alhazai sun sha wuya a wannan tafiya. Hergé ya yi nufin la'antar bauta, amma ya sa wa alhazan gurɓataccen Faransanci a baki, suka zama abin dariya. Mujallar Jeune Afrique ta soke shi a 1962, ya gyara maganarsu a bugun 1967.

Zhang ya koma gida a 1935, zumunci ya yanke. Hergé ya sa Tintin ya hau duwatsun Tibet neman abokinsa Tchang a littafin 1960, shi ma ya yi ta cigiyar na gaskiyar har suka sadu a Brussels a 1981, dukansu sun tsufa. Ya rasu ran 3 ga Maris 1983, ya bar littattafan Tintin 23 kammalallu da ɗaya da bai gama ba. A 2007 wani ɗan Kwango ya kai ƙara a Brussels yana neman a hana sayar da Tintin au Congo. Kotu ta yi watsi da ƙarar a 2012.