Tarihin Gwaji a Kimiyya: Daga Bagadaza Zuwa Garki

Kowa dai zai iya tuna gwajin tsiron wake na ɗakin kimiyya, inda ake ajiye gwangwani ɗaya a rana, ɗaya a cikin duhu, a ba su ƙasa iri ɗaya da ruwa daidai wa daida. Da yawanmu mun ɗauka abin cin jarrabawa ne kurum. Alhali kuwa wannan kwatance shi ne tushen kowane gwaji, kuma sai da aka shafe ƙarnuka, aka yi hasarar rayuka masu yawa, kafin masana su gane darajarsa.

Daga cikin waɗanda suka fara hango wannan akwai Abubakar Ar-Razi, shahararren likitan Bagadaza wanda ya rasu wajejen shekarar 925. A littafinsa Al-Hawi ya kawo labarin majinyata masu alamun wani ciwo mai kama da sanƙarau. Ya tsaga jijiyar wasu ya fitar musu da jini, ya bar wasu da gangan domin ya ga bambanci, ya kuma yanke hukuncin cewa fitar da jini na da amfani. A yau likitoci ba su yarda da hukuncin ba, amma dabararsa ta barin rukuni ɗaya domin kwatance tana nan daram.

Bayan shekaru fiye da 800, wata cuta da Turawa ke kira sikobi ta addabi matuƙan jiragen ruwan Birtaniya. Dasashi yakan kumbura ya yi jini, haƙora su zube, jiki ya mutu. A ranar 20 ga Mayu, 1747, wani likitan sojan ruwa mai suna James Lind ya ware majinyata 12 a cikin jirgin Salisbury. Ya kwantar da su wuri ɗaya, ya ba su abinci iri ɗaya, sannan ya kasa su biyu-biyu. Rukunin farko ya ba su giyar tuffa, na biyu ɗigon asid da aka tsarma, na uku ruwan khal, na huɗu ruwan teku, na biyar curin tafarnuwa da wasu kayan yaji, na shida kuma lemon zaƙi biyu da na tsami ɗaya a kullum. Lemon ya ƙare cikin kwana shida, amma kafin nan ɗaya daga cikin masu shansa ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya samu sauƙin da har ya riƙa jinyar sauran.

Lind ya buga sakamakon a 1753, sai dai hukumar sojan ruwa ba ta fara raba ruwan lemon tsami ga matuƙa ba sai a 1795, wato shekara 42 bayan haka. Shi kansa bai san dalilin warakar ba, domin sai a 1932 aka tabbatar cewa bitamin C ne ke hana cutar.

Duk da haka akwai giɓi a irin wannan gwaji. Mutum biyu sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, sannan idan likita ne ke zaɓen wanda zai sha magani, yana iya karkata ga masu ƙarfin jiki ba tare da ya sani ba. Wanda ya toshe wannan kafa shi ne Ronald Fisher, masanin lissafi da ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919. Ya nuna cewa idan za a gwada taki, a raba gona kashi-kashi, a bar ƙuri'a ta zaɓi kashin da za a zuba wa, kuma a maimaita sau da yawa.

A 1948 aka bayyana sakamakon gwajin allurar sitiraftomaisin a kan tarin fuka a Birtaniya, wanda Austin Bradford Hill ya tsara bisa wannan ƙa'ida. Cikin majinyata 107, ƙuri'a ta ba 55 allura, 52 kuma aka bar su da hutun gado, wanda shi ne maganin da aka saba da shi a lokacin. Likitocin da suka duba hotunan ƙirji ba su san wa ya samu allura ba. Bayan wata shida, mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. An yi feshi a wasu ƙauyuka, wasu aka haɗa musu da rabon magani, wasu aka bar su domin kwatance. Cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Sakamako ne mai ɗaci, amma ya nuna wa duniya cewa feshi da rabon magani kaɗai ba za su kawar da cutar a irin wannan yanki ba.

Saboda haka jama'a, a cikinmu akwai likitoci, malaman gona da jami'an da ke sa hannu a kashe dukiyar al'umma. Idan mai talla a tasha ya ce wane ya sha ya warke, ko aka kawo mana wani shiri a ofis aka ce ya yi nasara, ya kamata mu yi tambaya uku: da wa aka kwatanta, wa ya yi zaɓen, kuma mutum nawa aka gwada? Cututtuka da yawa kan tafi da kansu, ruwan sama mai kyau kuma kan gyara gona ko babu sabon taki.