Kilomita Biyar: Tarihin Unguwa a Hanyoyinta da Masallacinta

Wasu zangunan Hausawa suna ɗaukar sunan wanda ya fara sauka ko na garin da aka fito. Kilomita Biyar, wadda ke gunduma ta uku ta birnin Bangi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta samo nata sunan daga awon hanya. Faransawa sun kafa Bangi a bakin kogin Ubangi a 1889, kuma daga tsakiyar garin suke ƙirga nisan kowace hanya. Inda awon ya kai kilomita biyar, can nesa da gidajen Turawa, nan kasuwa ta kafu, unguwa ta kewaye ta.

Fatauci ne ya tara jama'ar wurin. Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi sun sauka da hajarsu, wasu da shanu, wasu da goro da tufafi. Har yau akwai sassan da ake kira da sunan Sanagal da na Kamaru, shaidar inda mazaunan farko suka fito. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, saboda haka yawancin kayanta ta hanyar Duwala suke shigowa, kuma kasuwar Kilomita Biyar ta zama babbar matattararsu.

Manyan titunan unguwar ma tarihi ne. Ɗaya yana ɗauke da sunan Barthélemy Boganda, jagoran neman 'yanci wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, shekara guda kafin samun mulkin kai. Wani kuma na Laftanar Georges Koudoukou ne, sojan ƙasar da ya rasu a 1942 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Bir Hakim, a hamadar Libiya. Babban masallacin Bangi yana cikin wannan unguwa, cocin Fatima kuma ba ta da nisa da ita.

Darajar waɗannan wurare ta fito fili ne a lokacin fitina. A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka suka ƙwace mulki, ran 5 ga Disamba kuma mayaƙan Anti-balaka suka kai wa birnin hari. Musulmi da yawa suka yi hijira zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka taru a Kilomita Biyar, harabar masallacin ta koma mafakar masu gudun hijira. A 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an rusa masallatai 417 daga cikin 436 na ƙasar. Wannan yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira. Titunan da suka raya unguwar suka zama iyaka, mutum ba ya ƙetare su sai ya sayar da ransa. Hatta hanyar maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boyin ta toshe, aka rasa yadda za a kai mamaci makwancinsa.

Ran 30 ga Nuwamba, 2015, Paparoma Faransis ya shiga unguwar, ya ziyarci masallacin, ya tunatar da jama'a cewa Kirista da Musulmi 'yan'uwan juna ne. A farkon 2016 mutanen Kilomita Biyar da na Boyin suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya, aka sake buɗe hanyar maƙabarta. Rikici bai ƙare a nan ba, domin ƙungiyoyi masu makamai sun ci gaba da takura wa 'yan kasuwa shekaru bayan haka. Duk da haka masallacin yana nan tsaye, kasuwa tana ci, masu ɗauke da makara kuma suna bin hanyar Boyin.